Ka Bar Mini Wannan Na Miya

Babanmu mai kifi ne a Gwaram, ɗanyen kifi. Ba masunci ba ne, ban taɓa ganin ƙafarsa cikin ruwa ba sai wajen alwala. Masunta ne ke kawo masa daga kogi da tafkunan wajen Fagam da Dingaya, shi kuma ya jera a teburinsa: tarwaɗa, ƙarfasa, ragon ruwa in an dace. Bai fi kowa jari ba, bai fi kowa arha ba. Abu ɗaya ya fi sauran da shi, a wajensa ba a shinshina kifi. Wanda bai san kasuwar kifi ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. To, je ka tsaya ka gani. Mace za ta ɗaga kifi ta kai hanci, ta yatsina fuska, ta ajiye, ta ɗaga wani, mai kifi yana ta rantsuwa tana ta girgiza kai. A teburin Baba kuwa kwano kawai ake miƙawa. In ya ce na yau ne, na yau ne. In ya ce a dafa kafin magariba, ba mai kai shi isha. Wannan sunan shi ne dukiyarsa, ba shi da wata bayan ita.

Ni ce auta, kuma ni ce mai baki a gidan, kowa ya shaida. Abin da yayyena ke jin nauyin faɗa, ni sai in faɗe shi ina cin tuwo. Shi ya sa na fi kowa tsokanar Inna a kan wata ɗabi'a tata ta kullum safiya.

In Baba ya dawo daga masallaci, yakan jawo kular da kifin jiya ya kwana a ciki da ƙanƙara, ya ajiye a ƙofar ɗakin Inna, ya zauna a kan buzu yana lazimi. Sai Inna ta fito da kofin koko ta ajiye masa, sannan ta buɗe kular ta sunkuya kamar mai neman abin da ta yar. Ta ɗaga wannan, ta juya wancan. In ta gama, magana biyu gare ta, ba ta uku. Ko dai ta rufe ta ce, "Allah ya ba da kasuwa, Malam," ko kuma ta zare wani ta ce, "Malam, ka bar mini wannan na miya." Wata rana ɗaya za ta zare, wata rana rabin kula. Baba bai taɓa musa mata ba. Abin da ta zare a ranar take dafa shi, ko ta ɗora shi a wutar banda. Na sha ganinta ma tana haƙa rami a bayan ɗaki tana binne wani, in na tambaya ta ce in wuce in wanke kwanuka.

Ni kuwa ba na wucewa sai na faɗi tawa. "Kai, Inna! Wallahi ke ce babbar mai cinikin Baba. Kifi dai, kifi dai, sai kin cinye masa kasuwa za ki huta."

"Ke dai Allah ya shirye ki," in ji ta. "Miƙo mini wuƙa."

Baba sai ya yi murmushi cikin gemu ya ci gaba da jan carbi.

Daga baya kasuwa ta canja. Matan ma'aikata da masu ƙananan yara suka fara neman tsoka zalla, ba kai, ba fata, ba ƙaya, wadda za a soya a miƙa wa yaro ba tare da fargabar wani abu ya maƙale masa a wuya ba. Baba ya koyi yankan, har ya ƙware, ya kwantar da wuƙa a jikin ƙashin baya ya zare tsoka sumul. Amma yana yi yana tsaki. Ya ce kifi da kansa yake magana. Ga ido, in ya yi fari ya faɗa ciki ka san an jima. Ga jan da ke ƙarƙashin kunne, in ya dushe ka sani. In ka cire kai ka cire fata, ka rufe masa baki ke nan. Tsoka a kan ƙanƙara kuwa kullum kyakkyawa ce, ta jiya da ta shekaranjiya duk fuska ɗaya, ba abin da zai raba maka su sai hanci. A shekarun nan mun ci kan kifi a gidanmu har na tsane shi, kuma Inna ta ƙara daɗewa a sunkuye kan kula.

Na yi karatun gwaje-gwaje, na yi aure a Birnin Kudu, na sami aiki a wani gidan gona mai tafkunan kifi da ɗakin sanyi, masu yanka tsoka suna kaiwa shagunan Kano. Aikina shi ne in faɗi kwana nawa tsoka za ta yi kafin ta juya. Abin da ke juya ta ƙananan ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Suna jikin fata, suna kan wuƙa, suna hannun mai yanka, kuma hayayyafa suke yi ba hutu. Sanyi na rage musu gudu amma ba ya tsayar da su. Da can sai mu shafa a faranti, mu sa a wuri mai ɗumi, mu jira kwana biyu ko uku su tsiro mu ƙirga. Kafin amsa ta fito kifin ya daɗe da isa Kano, wani ma an cinye an wanke hannu. Abin na ba ni haushi, sai ka ga kamar gaisuwar mara lafiya kake kaiwa bayan an sallame shi. Ana nan sai aka kawo mana wata 'yar na'ura, ba ta fi waya girma ba. Tsinke ne mai auduga a kai, ka goga a jikin tsokar, ka mayar cikin 'yar kwalbarsa mai ruwan magani, ka girgiza, ka zura a na'ura. Cikin 'yan mintuna ta nuna maka yawan ƙwayoyin, daga nan ka ƙiyasta kwanakin da suka rage.

Ran da na je gida na ba su labari, baki na kumfa, Baba ya saurara har na gama, ya ce, "To, madalla. Ku 'yan boko har hanci sai kun saya." Muka yi dariya. Inna tana gefe tana tsintar shinkafa, ba ta yi dariyar ba. Ta ɗago ta dube shi, ya dube ta, ta mayar da kai kan faifai.

Inna ta rasu da damina, bayan 'yar gajeriyar jinya a asibiti a Birnin Kudu. Har yanzu ba na iya ba da wannan labarin daki-daki. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Da aka tashi daga zaman makoki kowa ya koma inda ya fito, Baba ma ya koma teburinsa. Gidan ya rage daga shi sai yayana, direba a hanyar Kano wanda ba ya cika kwana a gida, sai matar yayan da 'ya'yanta.

Ita matar yayan ce ta kira ni a waya wata rana, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce Baba ya daina fita kasuwa. Na ce ciwo ne? Ta ce a'a. Wata Hajiya ce, matar malamin Islamiyyar unguwarmu, wadda tun ina ƙarama a wajen Baba take saye. Ta zo da kanta har cikin gida da kwano a ƙarƙashin mayafi, ta ajiye, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a gaya wa Malam a hankali, ta san yana cikin jimami. Tsokar da ta saya wa jikokinta da safe ce a ciki. Matar yaya ta ce da ta buɗe kwanon sai da ta kau da kai. Aka kai wa Baba, ya duba, ya daɗe yana duba, ya ce a binne. Tun daga ranar teburinsa yana jingine a zaure.

Na hau motar Gwaram ina tafasa. A raina Hajiyar nake ta yi wa faɗa. Ta je ta bar kifi a rana ta zo ta ɗora wa tsoho! Mutumin da ya tsufa a sana'a ba a taɓa mayar masa da ko jela ba! Duk hanya ina shirya abin da zan gaya mata.

Na isa da la'asar. Tun daga bakin lungu na jiyo ƙauri, ina shiga zaure ya buge ni. Matar yaya ta ɗora wake ta shiga maƙwabta, ruwa ya ƙone, tukunya ta kama. Baba yana zaune a zauren a kan buzunsa, carbi a hannu, hankali kwance. Na wuce da gudu na sauke tukunyar, na dawo ina haki.

"Haba Baba! Kana zaune gida na ƙauri haka ba ka yi magana ba?"

Ya ɗago ya ce, "Ƙauri?"

Yadda ya faɗi kalmar ne ya tsayar da ni. Tambaya ce ta gaske, ta mutumin da bai san abin da ake nufi ba. Muka dubi juna. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Zauna, Auta."

Na zauna a bakin tabarma. Ya ce tun ina goye wani zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya tashi hancin bai tashi ba. Ba wari, ba ƙamshi, ba komai, har yau. Ya ce a lokacin ya so ya bar sana'ar, don mai kifi ba hanci daidai yake da makaho a bakin titi. "Innarku ce ta hana. Ta ce ba ka da wata sana'a, ga yara. Ta ce ni ina da hanci, ya ishe mu mu biyu." Ya ja carbi. "In kifi na da kai, ina gane shi da ido da yatsa. Wanda ya kwana a ƙanƙara da wannan tsokar taku, ita ke duba mini. In ta ce Allah ya ba da kasuwa, lafiya lau. In ta ce na miya, ba na mutane ba ne. Ba wanda ya sani, ko yayanki."

Innalillahi. Ashe ba kwaɗayi ba ne. Ashe tun ina rarrafe abin da nake gani kullum safiya sirrinsu ne su biyu, a gaban idonmu suke yi ba mu gani ba. Na yi kuka a zauren nan kamar ran da aka fita da ita, ban ji kunya ba, shi ma bai hana ni ba.

Da na share ido bakin nawa ya dawo. Na ce, "To ga matar yaya a gida, ka sa ta riƙa duba maka mana."

Ya dube ni kamar na zage shi. Suruka? Wadda ba ta haɗa ido da shi, wadda in za ta ba shi ruwa sai ta durƙusa daga nesa, ita zai kira ta zo ta sunkuya kusa da shi kan kula kullum safiya? Ya buɗe baki ya gaya mata rauninsa? Ni kaina ina faɗa na san ba zai yiwu ba. Ya ce kuma in ta sani mijinta ya sani, in ya sani tasha ta sani, gobe kasuwa ta ɗauka. "Bayan rasuwarta na ce bari in gwada da ido, ko Allah zai rufa asiri. Kin ga abin da ya faru. Gara in zauna, Auta. Ban yarda in sake ciyar da 'ya'yan mutane abin da ban sani ba."

Na dube shi da kyau. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na san mahaifina, in ya ci gaba da zama a zauren nan ba zai kai wata damina ba.

Da na koma Birnin Kudu na sami Alhajin da nake yi wa aiki. Akwai tsohuwar na'ura da muka ajiye tun da aka kawo sabuwa. Na ce masa Babana ne ke bukata, ban faɗi dalili ba, shi ma, Allah ya saka masa, bai tambaya ba. Ran Asabar na ɗauko ta da tsinkayenta cikin ƙanƙara, don su ma ba sa son zafi, na dawo Gwaram. Na sa wani masunci ya kawo ragon ruwa, Baba ya yanka, muka kwantar a kula.

Da safe muka zauna a ƙofar ɗakin Inna, inda aka saba. Na nuna masa yadda ake gogawa, yadda ake girgizawa. Na saita masa ita ta riƙa nuna launi maimakon lamba. Kore, a kai kasuwa, zai iya ƙara kwana. Ruwan ɗorawa, a sayar yau a ce a dafa yau. Ja, a binne. Ya juya na'urar a hannu ya ce, "Wannan ai danjar titin Kano ce aka ƙanƙance." Rabon da in ji ya yi wasa tun kafin rasuwar. Na gaya masa gaskiya, ba gaibu take gani ba, ƙiyasi ne, kuma in ƙanƙara ta narke a hanya ƙiyasin ya tashi. Ya ce ya ji.

Ya goga, ya zura, muka jira. Kore. Ya tashi ya zaga bayan ɗaki ya dawo da wani yanki a cikin kwano. Ashe jiya ya ware shi ya ɓoye a wajen kula da gangan, ban sani ba. A ido ba shi da laifi. Ni tun daga nesa na ji ya fara juyawa, amma na kama bakina, kuma Allah ya sani ba ƙaramin aiki na yi ba. Ya goga, ya zura. Ja. Ya daɗe yana kallon jan nan, sannan ya ce, "To. Ba ta ƙarya."

Bai wuce kasuwa kai tsaye ba. Ya zuba tsoka mai kyau a kwano, ya sa hula, ya tafi gidan malamin Islamiyya da ƙafarsa, ina biye da shi. Ya yi sallama, malam ya fito, suka gaisa. Baba ya miƙa kwanon ya ce a kai wa Hajiya, a ba ta haƙuri, kuma a ce ta shinshina kafin ta dafa. Na ga yadda maganar nan ta ƙarshe ta fito masa da ƙyar. Malamin ya shiga, ya ɗan jima, ya fito da kwanon an wanke. Ya ce, "Ta ce a gaya wa Malam, tsawon shekarun nan ba ta shinshina kifinsa ba, ba yau za ta fara ba." Wannan ce matar da na zo Gwaram in yi wa faɗa. Baba ya ce Allah ya yi albarka, ya juya da sauri don kada a ga idonsa. Washegari aka fitar da teburi daga zaure.

Haka muka ci gaba. Ina kawo masa tsinkaye in sun kusa ƙarewa, yana gwajinsa a ƙofar ɗaki kafin gida ya tashi, kasuwa ba ta san komai ba. Kwanuka suka dawo ana miƙawa. Ya ɗan murmure. Wata rana na tambaye shi yaya abokiyar aikinsa, ya ce, "Tana da gaskiya. Sai dai ba ta yi wa mutum addu'a." Na yi dariya, don a lokacin wasa na ɗauka yake yi.

Bayan an yi girbi na je na kwana. Da safe ina zaune kusa da shi ya yi gwajinsa, kore, ya rufe kula. Maimakon ya tashi sai ya shiga ɗaki ya fito da wani abu a naɗe cikin leda. Mayafin Inna ne, ruwan toka, wanda take yafawa in za ta fito da koko. Ran da aka raba kayanta shi kaɗai ya ce a bar masa. Ya miƙo mini bai dube ni ba.

"Shinshina mini wannan."

Na kai hanci. Turaren wutarta, hayaƙin banda, man da take shafawa a hannu in ta gama da kifi. Inna ce sak. Amma can nesa, sai da na danna fuskata a ciki na same ta.

"Yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Auta," in ji shi. "Yadda take faɗa mini za ki faɗa."

Ni mai baki, ranar sai da na nemo muryata. Na ce, "Yana nan, amma ya fara tafiya. Ba zai daɗe ba."

Ya gyaɗa kai yadda yake yi in ta zare kifi daga kula, ba musu. Ya ce, "Kullum sai na kwance shi na sa fuskata, ban san ko akwai ko babu ba. Ashe iska nake bai wa." Ya tura mini ledar da bayan hannu. "Tafi da shi. Ke ce mai hanci, ki shaƙa tun yana nan."

Na ce wallahi ba zan karɓa ba, shi kaɗai ya rage masa. Ya ce, "Ban taɓa ajiye abin da aka ce mini ba zai kwana ba. Ba zan fara da nata ba."

Ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗora kula a baro ya tura. Ina zaune da mayafin a fuskata ina jin ƙarar tayar baron har bakin zaure. A nan ta tsaya. Na ɗago. Yana tsaye riƙe da hannun baron, bai fita ba, bai kuma juyo ba. Sai a lokacin na gane abin da yake jira.

Na ce, "Allah ya ba da kasuwa, Baba."

Ya ce, "Amin," ya tura baron ya fita.